Kitson Inna Mairama

Ranar da Umaima ta zura hannun hagu cikin kwanon tuwo, ranar aka fitar da kakarta daga ɗaki. Yarinyar ba ta san ta yi laifi ba, abin da ta ga Inna Mairama na yi shi ta kwaikwaya. Uwarta Mastura ta doke hannun, sannan ta juya ta dubi surukarta da murmushin nan nata da ba ya wuce leɓe.

"Inna, ki yi haƙuri fa. Kin san yara, duk abin da suka gani shi suke ɗauka. Bari na kai miki naki korido, can ma ya fi iska."

Wace iska ce a koridon gidan haya a Agege, Allah kaɗai ya sani. Ɗakuna ne suna kallon juna, ga hayaƙin risho, ga bokitai, ga takalman mutane barbaje. Nan aka ajiye mata kujerar tsuguno. Duk mai wucewa sai ya ɗage ƙafa ya tsallake kwanonta, ya ce mata sannu. Ita kuwa ta juya fuska bango, tana tura tuwo da hannun da take tsarki da shi.

Shanyewar ɓarin jiki ce ta same ta bayan Babbar Sallah. Ƙafa ta dawo, bakin da ya karkace ya daidaita, amma hannun dama ya ƙi. Tana iya ɗaga shi, yatsun ne suka lanƙwashe, babban yatsa da manuni suka daina haɗuwa. Matar da ta shekara da shekaru tana ƙulla gyaɗa a leda a bakin titin jirgi, tana hira tana ƙulli ko kallon hannun ba ta yi, har ta raini ɗanta Shafi'i da wannan sana'a bayan rasuwar ubansa, yau ita ce ba ta iya tsintar ƙwayar wake. Ba gyaɗar ce ke damunta ba. Abu ɗaya take roƙon Allah, ta murza loma da hannun dama, ta ci cikin jikokinta kamar kowace 'yar Musulmi.

Kuma Allah ya so ya ba ta hanya. A asibitin da ake duba ta akwai wani sashe da ake gwada wata na'ura a kan masu irin ciwonta, aka sa sunanta. Mai kula da ita wata ce Florence, 'yar kudancin Kaduna, mai faɗin fuska da saurin dariya. Na'urar ba ta fi ƙaramar rediyo ba. Soso biyu ake jiƙawa da ruwan gishiri, a ɗaura ɗaya a gefen kai ɗaya a goshi, a riƙe su da madaurin roba.

Ranar farko Mairama ta riƙe gefen kujera ta ce, "Yarinya, wutar lantarki za ki sa mini a kai?"

"Mama, kaɗan ne, bai kai na tocila ba. Ba yanka, ba allura. Za ki ji kamar tururuwa na yawo, shi ke nan. Ban ce miki shi ne zai warkar da ke ba. Yana ɗan tashe ƙwaƙwalwa ne, ke kuma ki koya wa hannun aiki a lokacin. Amma sai kina zuwa a kai a kai. Kuma ki zo da kai a tsefe, a wanke, ba mai. In akwai kitso ko mai, soson ba ya zama a fata."

Haka kuwa aka yi. Tururuwa na yawo a kanta, ita kuma tana fama da wake a faranti, tana son jefa shi cikin kwalba. Zuwan farko ba ta tsinci ko ɗaya ba, sai gumi. Ana nan ana nan, wata rana yatsun biyu suka matso, suka matso, suka kama ƙwaya ɗaya. Ta faɗi kafin ta kai bakin kwalbar, amma ta kamu. Florence ta buga tafi har na gadon kusa ya leƙo. Mairama ta yi dariya, ta yi kuka, a motar haya ta danfo ma tana ta haɗa yatsun a ƙarƙashin mayafi kamar mai jan carbi.

Daga nan ne gidan ya fara gajiya.

Shafi'i dillalin lodi ne a Ijora, shi ke haɗa masu kaya da direbobin tirela. Da farko shi yake kai ta da kansa, har yana sayo mata lemo a hanya. Sai ya fara, yau oga ya kira, gobe gosulo ya tare hanya tun daga Oshodi, jibi akwai motar da ba za ta tashi ba sai yana wurin. Mairama ta ce ba komai, ƙafarta ƙalau, ta san motar da za ta hau. Sai magana ta koma kan kai. Mai hannu ɗaya ba ta iya wanke kanta ta taje, Mastura ce ke yi mata, in ta dawo daga asibiti kuma ta kama mata manyan kitso guda huɗu. Aikin bai kai na dafa shayi ba, amma Mastura ta mai da shi dutse.

"Wallahi Inna bayana kamar zai ɓalle. Tsifa, wanki, kitso, tsifa, wanki, kitso. Ga kwastomomi na jirana a waya. Kuma ni fa tsoro nake ji. Ƙawata Maman Badiyya ta ce akwai wanda aka sa wa irin wannan wutar, yanzu a bakin kasuwa yake kwana."

"Wane ne shi?"

"Oho, ita ta san shi."

Ba wanda ya taɓa ganin mutumin nan, amma ya shigo gidan ya zauna daram. Duk ranar asibiti sai an ambace shi.

Sai ga bikin Bilkis, ƙanwar Mastura, a Abule Egba. Dangi za su zo daga Kano, za a yi hotuna, kuma dole a ga surukar Mastura fes, a san ana kula da ita. Aka kira mai kitso har gida. Mairama na ganin matar ta baje kibiya da kwalbar mai, ta juya wajen Mastura.

"Mastura, manya za a yi mini. Ina da asibiti."

"Haba Inna, a bikin ƙanwata? So kike a ce na bar ki kamar marar gata? Bayan biki ni da kaina zan tsefe miki."

Aka zaunar da ita tun hantsi har la'asar. Ƙananan kitso aka yi mata, sirara kamar zaren buhu, an ja su tamau har girarta ta ɗage, aka bi kowane layi da mai. Mai kitson ta riƙe haɓarta tana juya kan, ta ce wannan zai yi wata biyu ko gezau. Mastura ta ce ai shi ake so. A wurin biki kowa ya yaba. Wata gwaggon amarya ta dafa kafaɗar Mairama ta ce, "Ke kam kin yi dacen suruka." Da aka kawo abinci, Mastura ta raɗa mata cewa an zuba mata nata a kula, ta ci a gida.

Biki ya watse, baƙi suka koma. Kitso yana nan.

"Gobe, Inna."

Gobe ta zo, Mastura ta tafi kai atamfa Ojo. Wata goben kanta ke ciwo. Wata goben ta ce, "Yanzu wannan kitson mai kyau za a ɓata? Ko sati biyu bai yi ba. A bari ya ɗan tsufa mana."

Mairama ta kasa zama wuri ɗaya. Ta je bakin ƙofa ta dawo, ta leƙa titi ta dawo, ta zauna ta miƙe. Duk danfon da ya wuce kwandasta na kiran Oshodi, sai ta ji kamar ita ake kira. Ta ɗebo wake a kwano tana gwadawa ita kaɗai, amma yatsun da suka fara jin magana sun soma komawa gidan jiya. Da safe sai ta tarar da su a dunƙule, sai ta sa hannun hagu ta ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da ta faɗi.

Ta samo tsinken tsire, ta zauna bayan ƙofa tana tsifa da hannun hagu. Wuni guda ta samu ta warware guda uku na gaban goshi, sauran suka cukurkuɗe, fatar kan ta yi jini. Mastura ta dawo ta gani, ta tafa hannu.

"Inna! Kin ga yadda kika mai da kanki? Mutane su ce me?"

Nan take ta zauna ta mayar da ukun nan. Bayan da ke ciwo in za a tsefe, bai yi ciwo ba da za a kitse.

Furera, maƙwabciyarsu ta ɗakin ƙarshe, ta lura. Ta tsuguna kusa da ita a korido ta ce, "Inna, kawo kan nan na tsefe miki, ai ba wani abu ba ne." Ta ɗauko kibiya ke nan Mastura ta ɗaga labule.

"Furera, mun gode. Inna tana da 'ya a gidan nan, ba ta rasa mai yi mata ba. Ko so ake a ce mun gaza?"

Furera ta dubi Mairama. Da tsohuwar ta ce a ci gaba, da an ci gaba. Amma ta tuna gidan haya ne, kafin magariba labari ya kai masallaci cewa uwar Shafi'i sai maƙwabta ke tsefe mata kai. Ta ja ɗankwalinta ta rufe, ta ce, "Bar shi, 'yar nan, za ta yi mini." Abin takaicin ke nan. Ita tana rufa musu asiri, su kuma da wannan rufin asirin suka ɗaure ta.

Wata safiya Shafi'i na shan shayi wayarsa ta yi ƙara. Ya duba ya ajiye. Ta sake yi, ya ja tsaki ya fito korido, bai lura da uwarsa a bayan durom ɗin ruwa ba. Muryar Florence ce, Mairama ta gane ta ko daga nesa.

"Madam, she don travel go North," in ji Shafi'i. "E go tey. Make una give another person."

Wanda ya shekara talatin yana sayar da gyaɗa a Legas ba ya buƙatar tafinta. Ɗanta ya ce ta tafi Arewa, za ta daɗe, a ba wani gurbinta. Ta dafa durom ta miƙe.

"Shafi'i."

Ya juyo, ya ɗan daburce, sannan ya gyara fuska.

"Inna, mutanen nan sun cika naci ne. Gwaji fa suke yi da ku, su da kansu sun ce ba tabbas. Ki dubi yadda Allah ya taimake mu, kina tafiya, kina magana. Wasu suna kwance sai an juya su. Me kika nema kika rasa a gidan nan? Hannun hagun ma ai hannu ne."

"In hannu ne, me ya sa nake ci a korido?"

Ya duba agogo ya ce oga na jiransa, za su yi magana in ya dawo. Ya bar shayin ya fice.

Mairama ba ta yi kuka ba. Ta jira Mastura ta shiga wanka, ta yafa mayafi ta fita. Ta bi ta lungun masu gurasa, ta tsallaka kwata, ta ɓulla bakin titin jirgi inda ta saba zama da tirenta. Wata ce a wurin yanzu, tana sayar da fiya wata. Gaba kaɗan akwai rumfar Abdou, wani wanzami mutumin Maraɗi, wanda ya sha cin gyaɗarta. Yana wasa aska ya gan ta, ya miƙe da fara'a.

"Inna! Ina jiki? An ce kin je wajen lokotoro, can asibiti."

Ta zauna a bencinsa ta ce, "Aski za ka yi mini."

Ya yi dariya, ya ga ba ta yi ba. Ya ajiye askar.

"Subhanallahi. Inna, lafiya? Ni ban taɓa aske mace ba. In ɗanki ya ji, ina zan sa kaina?"

Ta zaro hannun dama daga cikin mayafi ta ɗora a gwiwa, yatsun a dunƙule. Ta faɗa masa abin da ake ciki a taƙaice, ba ta ambaci sunan kowa ba. Ta ce, "Kan da ba gashi ba ya jiran kowa ya tsefe shi. Ka aske, Abdou. Ni na haifi kamarka."

Sannan ya ce, "Bon," da Faransancin ƙasarsu, ya ciro zanen da yake yafa wa masu aski ya rataye a bakin rumfar, don kada 'yan okada masu babur su gani. Ya yi bisimilla. Almakashi ya fara sawa, yana datse kitson daga gindi, sannan ya bi da aska. Mairama ta runtse ido tana jin sanyin ƙarfe a inda tun tana jaririya ƙarfe bai taɓa ba. Kunya ta rufe ta har cikin ƙashi, amma ba ta ce ya tsaya ba. Da ya gama, ta ce ya tattara mata gashin a leda. Ya miƙo, ta zo ƙullewa, yatsu suka ƙi. Ta cusa ledar a buɗe cikin jaka.

Danfo ya kai ta bayan azahar, an matse ta tsakanin mai buhun barkono da wani mai barci. Ta hau matakalar asibitin tana haki. A kujerarta wani dattijo ne Bayerabe, soso a kansa, yana fama da wake a faranti. Florence ta gan ta, ta saki baki.

"Mama! An ce kin yi tafiya!"

Mairama ta zame ɗankwali. "Ga kan. Ba kitso, ba mai. Sa mini."

Florence ta dafe ƙirji. Ta ja ta gefe ta zaunar, ta kama hannun tana buɗe yatsun, suna komawa. Idonta ya ciko.

"Mama, mun jira ki. Na kira, na kira. Yau da safe da ɗanki ya ce a ba wani, likita ya ba baban nan, ya daɗe a layi. Ba zan iya tashe shi ba. Zan sa sunanki a rukuni na gaba, amma ban san yaushe ba, kuma ba zan yi miki ƙarya ba, hannun ya yi tauri fiye da da. Kada ki bar shi ya kwanta. Ki yi komai da shi, ko yana zubarwa. Ki ci abinci da shi."

Mairama ta dubi dattijon. Ya kama ƙwaya ɗaya, ta suɓuce, ya ja tsaki. Ba ta ji haushinsa ba. Ta ce masa sannu da Yarabanci, ta ɗaura ɗankwalinta da hannu ɗaya ta fito.

Ana kiran magariba ta shigo gida. Shafi'i ya dawo, an shimfiɗa tabarma a ɗaki, tuwo da miyar kuɓewa a tsakiya. Nata kwanon na can korido a kan kujerar tsuguno, an rufe da faranti. Ta tsallake shi ta ɗaga labule.

"Inna! Ina kika shiga? Mun duba ko'ina," in ji Shafi'i.

"Arewa na tafi. Ba kai ka faɗa ba?"

Ta zaro ledar ta ajiye a gaban Mastura. Ledar ta buɗe, ƙananan kitso suka zubo a tabarma, har yanzu suna ƙyallin mai.

"Ga kitsonki. Kin ce kada a ɓata, ban ɓata ba."

Sannan ta cire ɗankwali.

Mastura ta ƙwalla salati ta ja da baya. Shafi'i ya miƙe tsaye, ya koma ya zauna. Abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne, "Wa ya gan ki a haka?" Bai tambayi abin da asibiti suka ce ba, bai dubi hannun ba. Mastura kuwa har ta kai hannu ta saki labule, kada na korido su hango.

"Bar shi a buɗe," in ji Mairama.

Irin wannan zalunci ba ya barin tabo a jiki. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya hana ta tuwo. Gobe kawai aka yi ta ce mata, da ladabi, ana kiranta Inna, har hannu ya sandare. In ka tambayi unguwa, kowa zai shaida maka Shafi'i yana riƙe da uwarsa, matarsa kuma har kitso take sa a yi mata.

Mairama ta zauna a tabarmar, kusa da Umaima. Ta jawo kwanon ruwa ta wanke hannun dama. Ta sa hagu ta ɓamɓare yatsun, ta yi bisimilla, ta tura su cikin tuwo. Loma ba ta murzu ba. Abin da ta ɗebo ya zube a zaninta tun kafin ya kai ƙirji, miya na bin gwiwar hannunta. Ta sake turawa. A karo na uku ɗan abin da ya maƙale a bayan yatsun ya isa bakinta, ta lashe.

Ba wanda ya ce a kai mata korido. Umaima ta daɗe tana kallon kan kakarta, sannan ta dubi hannun. Ta miƙa nata na dama ta ci.